Mashin Ɗin Kowa Da Kowa

Ƙofar Rini,
Sakkwato.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Hayatu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Hajjo, da fatan wagga takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Murja da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka daga sharrin hanya, ya sa shanun da ake loda maka su riƙa sauka da ƙafafunsu. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi, wanda ba sai na kwatanta maka shi ba. Inna ta samu sauƙin ƙafar. Juma'ar da ta wuce ma ta matsa sai da anka kai ta Hubbare ziyara, ta dawo tana lissafa waɗanda ta yi wa addu'a, kai ne na farko, ni da nake dama mata kunu kullum na zo bayan jikoki. Jamilatu ta sauka lafiya, mace, an sa mata Nana Khadija, kuma ta ɗauko hancin gidanmu, Allah ya ba ta haƙurin zama da shi. Kasuwa ana lallaɓawa. Mata su zo su shafa atamfa, su yaba, su tafi su bar ni da yabon.

Na zaɓi in rubuto takarda in ba direban da ke ɗauko maka shanu, ban yi maka saƙon murya ba, don na san halinka. Za ka saurari rabi kana tsakiyar ciniki, sannan ka tura shi zauren gida na waya kowa ya ji sauran. Wagga magana tsakanina da kai ce, don haka ka nemi inuwa ka zauna, ka sa tabarau.

Da farko dole in yaba, don abin yabo ka yi. Tun da nake ban ga mashin irin wanda ka aiko ba a Ƙofar Rini. Baƙi wuluk, sai sheƙi, ba ya hayaƙi, ba a buga masa ƙafa, da ɗan yatsa ake tashinsa kamar rediyo. Ranar da anka sauke shi, 'yan kabu-kabu da fasinja a bayansu sunka riƙa tsayawa suna kallo. Amma abin da ya fi mashin ɗin kyau shi ne jawabin da ka biyo shi da shi a waya, inda ka ce ka saya ne don Zaharaddeen ya riƙa kai nama, amma gidanmu gidan zumunci ne, ba mu gaji rowa ba, duk mai uzuri ya ɗauka ya biya buƙatarsa. Wallahi Yaya, ka yi magana. Baffa Maccido har ƙwalla ya share, kuma daga ranar Allah bai hana shi uzuri ba ko sau ɗaya. Ban taɓa sanin gidanmu na da dangi haka ba sai da mashin ya zo. Yau suna a Boɗinga, gobe gaisuwar rashi a Kware, jibi duba mara lafiya a Wamakko. Mutanen da shekara da shekaru ba su taka zuwa ta'aziyyar maƙwabci ba, duk sun zama masu sada zumunci. Kana Fatakwal kana barcinka, lada na ta hawa kanka a kan taya biyu.

To bari in tuna maka abin da ya sa anka sayi mashin ɗin, don a cikin wanga zumunci an kusa mance shi. Zaharaddeen, ɗan farinka da kunya ba ta barin ka kama sunansa, bayan ya gama difloma ya zauna yana ƙirga azarar ɗaki, shi da ƙafarsa ya je ya nemo aikin kai nama wata makarantar kwana da ke bayan gari. Ba wanda ya yi masa hanya. Sharaɗin aikin guda ne, nama ya isa kicin kafin rana ta ɗaga, don masu girki su ɗora tukunya da wuri, kuma ka san abin da zafin Sakkwato ke yi wa ɗanyen nama. Dattijuwar da ke riƙe da kicin ɗin ta ɗauke shi gwaji na zango ɗaya. Da makara ta yi yawa sai ta gaya masa, ba da faɗa ba, cewa yaran mutane ba za su zauna da yunwa suna jiransa ba, in ya ƙara akwai mahautan da ke zarya suna neman wurin. Kafin mu ankara labari ya riga mu zuwa Fatakwal, wai yaron barci yake komawa bayan asuba. Kai kuma ka aiko cewa in aikin ya kuɓuce a ɗoro maka shi a tirela ya zo ya bi shanu a kara, mashin kuma a bar wa gida. Na san wanda ya kai maka labarin, na kuma san wanda zai gaji mashin ɗin in an tafi da yaron, kuma mutum ɗaya ne. Ba zan kama suna ba, don Baffanmu ne.

Ga abin da idona ya gani. Tagar ɗakina zaure take kallo, kuma mai zuwa kasuwa ba ta barcin safe. Kullum kafin in gama lazimi yaron nan ya fito da mashin ƙofar gida. Ya murɗa makulli, ya danna, inji ya yi ta gurnani yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Ya bari, ya sake, ya tura shi har ƙarshen layi ya dawo, riga ta jiƙe tun bai ɗauki ko ƙashi ba. In Allah ya sa ya tashi, sai ya kai shi mayanka lafiya lau. A can zai kashe ya loda nama, to nan ne babbar rigimar take, don da ya ɗauki zafi ko kusa ba ya tashi sai ya huce don kansa. Nama na ɗaure a baya, ƙuda na taruwa, abokan sana'a na wucewa a kan tsofaffin mashinansu masu hayaƙi suna tambayarsa ko a ja shi da igiya. A kan hanya kuma in ya murɗa masa wuta don ya rage makara, sai ya shaƙe kamar wanda fura ta sarƙe. Yaron ya rame, ya daina hira, ko tuwo sai na tsaya a kansa. Da na tambaye shi me ya hana shi gaya maka, sai ya ce yaya zai buɗe baki ya ce wa mahaifinsa kyautar da ya yi masa ba ta da lafiya.

Gida kuwa kowa ya zama likita. Baffa ya ce bakin mutane ne, mashin ya sha kallo da yawa, anka yi tofi anka shafa masa har madubi. Inna ta ce ƙila sanyin ƙasar da anka ƙera shi yake kewa. Bakaniken bakin layinmu ya ce batir ne, anka canza. Ya ce fulogi ne, anka canza. Sannan ya naɗe hannun riga ya ce zai wanke kafireto, ya kwance murafen mashin duka, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa bai gan shi ba, sai ya miƙe ya sanar wa jama'a cewa an cuce ka, waɗanda sunka sayar maka sun cire kafireton kafin su ba ka. Da ƙyar Zaharaddeen ya fahimtar da shi cewa irin wanga mashin haka ake ƙera shi, ba shi da shi. Amma kar in ci haƙƙinsa, ya yi abu ɗaya mai amfani. Ya ɗan yayyafa fetur ta inda inji ke shaƙar iska, ya danna, nan take mashin ya kama da ƙarfinsa, ya yi ɗan ruri, ya mutu. Shi abin da ya fahimta shi ne mashin ɗin makwaɗaici ne. Ni kuwa da na yi rainon yara, na ce a raina wanda anka ɗiga wa abu a baki ya haɗiye da sauri ba ciwo ke damunsa ba, abinci ne ba ya isa gare shi. Wuta na nan, inji na nan, man ne ba ya zuwa.

Akwai wata mai sayen leshi a wurina da mijinta, Lawwali, ke gyaran motoci a Tudun Wada, irin motocin nan na zamani da su ma ba su da kafireto. Na bar wa maƙwabciyata shago, munka ɗora mashin a bayan a-kori-kura, ni da yaron munka bi shi. Lawwali mutum ne mai surutu, in ya fara bayani sai ka ce wa'azin kasuwa, amma ranar abin da ya fara yi shi ne ya ce kowa ya yi shiru, har ni. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya murɗa makulli, bai danna komai ba, ya manna kunnensa a jikin tanki, sannan ya yafito ni in saurara. Na ji wani ɗan kuka a ciki, siriri, yana ja yana saki. Ya ce to wannan famfon mai ne. A mashinan da munka saba da su, mai gangarowa yake yi da kansa daga tanki, ba ya buƙatar kowa. Wanga kuwa akwai ɗan famfo a cikin tankin, shi ke turo mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa wani ɗan baki da ke fesa shi cikin inji laushi-laushi, kamar yadda kwalbar turare ke fesawa. In ƙarfin turin ya ragu, feshi ya zama ɗigo, inji kuma ba ya kamawa da ɗigo. Ya ce lafiyayyen famfo kukansa gajere ne mai kauri, ya yi ya tsaya, namu kuwa nishi yake yi kamar tsohon da ke son tashi daga tabarma.

Sai ya yi wani abu da ya sa Zaharaddeen ya saki baki. Ya buɗe makulli ya jira kukan ya ƙare, ya rufe, ya sake buɗewa, ya yi haka kamar sau uku bai taɓa madannin ba, sannan ya danna. Mashin ɗin da munka ɗauko a mota kamar mara lafiya ya tashi. Yaron ya fara godiya, Lawwali ya ce ya riƙe godiyarsa tukuna, wannan ba gyara ba ne, shaida ce kawai, ta nuna famfon sai an ba shi dama ya tara ƙarfi a hankali kafin ya kai abin da ya kamata ya kai a tashi ɗaya. Daga nan ya ɗauko wani agogo mai allura ya haɗa shi da tiyon mai, ya nuna mana da farce inda allurar ya kamata ta tsaya. Da ya buɗe makulli ta hau da kasala, ta tsaya tun ba ta yi kusa da farcen ba. Da ya rufe kuma, maimakon ta tsaya inda take, sai ta sulale ta koma ƙasa muna kallo. Ya ce laifi biyu ke nan, ba ya turawa yadda ya kamata, kuma ɗan abin da ya tura ba ya riƙe shi, komawa tanki yake yi, shi ya sa kowace safiya tiyon a bushe take. Bai yarda ya yanke wa famfon hukunci nan take ba. Ya auna wutar da ke zuwa masa ko ita ce ba ta isa, ya ga cikakkiya ce. Ya bi tiyo da hannu ko ta lanƙwashe ko tana yoyo, ba komai. Sannan ya ce to yanzu sai a buɗe cikin mai laifi.

Yaya, da kana wurin. Ya juye tankin a cikin wani kwano, man da ya fito bai rufe gindin kwanon da kyau ba, kuma launinsa kamar ruwan tsamiya. Da ya kwanta sai ga yashi, ga tsatsa, ga ruwa ya taru a ƙasa. Ya girgiza tankin munka ji abu na ƙara a ciki, ya sa hannu ya fara zaro tsinkayen tsire, wasu karyayyu, wasu cikakku da tsininsu, har ya tara abin da za a soke wa baƙo tsiren kirki. A gindin famfon akwai 'yar matata kamar ƙaramar jaka, ta yi baƙi ƙirin ta toshe, sai ka ce rariyar da anka tace gasara anka jefar ba wanki. Shi kansa famfon jikinsa ya sauya launi don zafi. Lawwali ya ce famfon nan a cikin mai anka yi shi ya zauna, man ne ke sanyaya shi. In kullum tanki a gindi yake, famfon na waje tsirara, yana zuƙar laka da iska, yana ƙonewa a hankali, ga ranar Sakkwato a kan tankin baƙi. Shi ya sa in ya yi tafiyar mayanka ya ɗauki zafi sai ya ce ya gaji. Daga nan ya juyo ya yi mana tambaya biyu, ko tankin nan ya taɓa cika tun da ya zo garin nan, da kuma ko a cikinsa muke gashin tsire. Zaharaddeen ya sunkuyar da kai. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina har sai da na toshe baki da mayafi.

A nan ilimin Lawwali ya ƙare, nawa ya fara, don shi inji ya sani, ni kuwa gidanmu na sani. Makon farko yaron nan ya je gidan mai ya cika tanki fal, don ya huta da tsaye-tsaye. Ya dawo daga kai nama ya jingine mashin, da la'asar anka are shi zuwa Boɗinga, ya dawo ba mai. Wa zai tambaya? Kakansa Baffa? Ya sake cikawa, anka sake yin zumunci da shi. Daga nan shi ma ya koyi karatun gida. Karatun kuwa shi ne, ba mai zuba man da wani zai ƙona. Duk wanda zai ari mashin sai ya buɗe tanki ya auna abin da ya tarar, don kar ya bar fiye da haka. Akwai alamar mai a gaban mashin ɗin, amma Baffa ya ce bai yarda da ita ba, bayan mai mashin take bi. To me ke kusa da hannu a zauren gidan mahauta? Damin tsinkayen masu tsirenmu. A zura, a zaro, a duba inda ya jiƙe. Bakin tankin a karkace yake, wani tsinken ya karye, wani ya suɓuce, ba mai faɗi. Sannan a tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin titi a sayi kwalba ɗaya daidai zuwa da dawowa, a zuba ta mazurarin da ke kwana a ƙasa. Na ga wanda ya dawo da mashin yana tura shi daga bakin layi yana murmushi, don lissafinsa ya fita daidai, ko ɗigo bai bar wa na baya ba. Kowa ya yi wayo, ba wanda anka cuta, sai famfo.

Ban ga laifinsu duka ba, don haka munka saba. Mashinan garin nan ko kunu ka zuba musu za su kai ka Illela. Kai mai shanu ne, za ka fi ni gane wannan. Saniyar Turai ka aiko mana, mu kuma munka sake ta cikin garke munka yi mata kiwon Gudali, kowa ya tatsa, ba mai ba ta dusa.

Irin famfon babu shi a Sakkwato, sai da Lawwali ya kira wani abokinsa a Kano anka sako shi a mota. Kafin ya iso ya wanke tanki ya shanya shi a rana, ya wanke ɗan bakin da ke feshin har ya nuna mini yadda yake fesawa a kan takarda. A tsakanin nan Zaharaddeen da tsohon mashin ɗin wani abokin sana'arsa ya yi ta kai nama. Ni kuma na ɗaura zanen fita na tafi makarantar da kaina, don yaro ba ya iya wanke kansa a gaban babba. Na iske dattijuwar tana raba wa masu girki albasa. Ban yi mata roƙo ba, na san irinsu, roƙo ƙara musu tauri yake yi. Na kwance ƙullin tsinkayen da na zo da su na ajiye a gabanta, na ba ta labari tun daga jawabinka. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhu, ta ce su ma a gidansu akwai keken ɗinkin da haka ta kashe shi. Ta ce ta ji, za ta zuba ido zuwa ƙarshen zango, amma in gaya masa ita tsinke ba ya shiga tukunya, nama take son gani.

Ranar da anka ɗaura sabon famfo na sake barin shago na je. Lawwali ya mayar da agogonsa, ya buɗe makulli, allurar ta yi tsalle ta tsaya cak a kan farcensa. Ya rufe, ta tsaya inda take, munka sha ruwa munka gaisa da matarsa da ta kawo masa abinci, munka dawo tana nan. Dannawa ɗaya mashin ya kama. Ya sa yaron ya zaga da shi har ya yi zafi, ya kashe, ya sake dannawa, ya kama. Ya ba shi dokoki a gabana don in zama shaida. In ya buɗe makulli ya jira kukan famfo ya tsaya kafin ya danna, kar ya yi gaggawar 'yan kabu-kabu. Kar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki in da hali. Gidan mai kawai, ban da kwalba. Kuma duk wanda ya ƙara zura wani abu a tankin nan a kawo masa mutumin, ba mashin ɗin ba.

Tun daga ranar, Alhamdu lillahi, bai makara ba. Kafin in fita kasuwa ya je ya dawo ya yi wanka. Dattijuwar ta ƙara masa naman Juma'a, ta kuma haɗa shi da wasu malamai da ke son hanta da kayan ciki a kai musu gida, har ta fara cewa in ya ɗore a haka ba ta ga dalilin neman wani a zango mai zuwa ba. Yaron ya dawo da cin tuwonsa, ya dawo da tsokanar Inna, shekaranjiya ma na ji shi yana tambayar kuɗin ƙaramin firiza mai aiki da hasken rana. Yana son sana'ar nan, Yaya, kuma ya iya ta. Hannunsa a kan wuƙa irin na Baba ne, kuma yana da abin da Baba bai da shi, ya iya yi wa mai saye murmushi. Ya roƙe ni kar in rubuto maka, wai kar a ce ya kai ƙarar manya. Na ce masa ya je ya yi harkarsa, tsakanin wa da ƙanwa ba ruwan ɗa.

Yanzu ga inda muke. In ya dawo daga aiki, makullin a jakar kasuwata yake kwana. Duk wanda ya zo aro sai in ce bakanike bai gama gwaji ba, ya hana kowa hawa. To gwajin nan ya fara tsawo, kuma duk gidan an san tanki a cike yake, har na ga ana zagaya mashin ɗin ana ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar masu sayen kankana. Ni mace ce kuma ƙarama, Baffa ba zai karɓi hani daga bakina ba. Zaharaddeen kuwa ko za a yanka shi ba zai ce wa kakansa a'a ba. Bakin da ya buɗe ƙofar shi kaɗai zai iya rufe ta. Ba na ce ka janye alherinka ba, kar mutuncinka ya taɓu. Ka ce kawai mashin ɗin na sana'a ne, kamar wuƙa da sikeli, ba a aronsa. In zumuncin ne ke ranka, ka sa a nemo wa gida ɗan tsohon mashin irin namu mai cin yashi ya gode, kowa ya auna shi da abin da ya ga dama. Sannan ka sauke maganar tirelar nan, ta tsaya wa yaron a rai. Ka kira shi, ko ba ka kama sunansa ba, ka ce masa sannu da ƙoƙari. Zai ji daɗin wagga kalma fiye da mashin ɗin.

Ka gaishe mini da Yaya Murja da kyau, ka ce mata ɗanta ya yi ƙiba, kuma leshin da ta ce in ajiye mata yana nan ban sayar ba duk da an taya. Ka gaishe da Rahma, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, da Saifullah, a ce masa Gwaggo ta ji labarin ya fi babansa tsawo. Inna na gaishe ku tana sa albarka, Jamilatu da jaririya suna gaisuwa, haka su Jafar da duk mutanen zaure. Akwai ƙullin kilishi da yaji a hannun direba, ka ƙirga fallayen a gabansa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya bar zumunci, ya raya mana zuri'a.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Hajjo.

Na riga na ninke takardar sai ga sallamar Baffa Maccido. Ya ce Asabar ta sama akwai ɗaurin aure a Gwadabawa, da sassafe za a ɗaura, kuma yana ganin tafiya mai nisa irin wagga ita ce za ta ƙarasa wa bakanike gwajinsa. Na ce masa zan yi shawara. Direba ya tabbatar mini zai iso wurinka kafin Alhamis, yaran makaranta kuma ranar Asabar ma suna cin abinci. To Yaya, ranar Asabar ɗin, wa za mu ɗora a kan mashin ɗin, Baffa ko nama?